Bashin da ke kan zakara

A jerin ƙungiyoyin da suka taɓa zama zakarun ƙwallon ƙafa na ƙasar Nijar akwai layi guda wanda ɗan Damagaram ba ya wuce shi sai ya ɗan dakata: 1984, Espoir ta Zinder. Shekarar da ta gabace ta Jangorzo ta Maraɗi ce ta ɗauki kambin, galibin sauran layukan kuwa na ƙungiyoyin Yamai ne. Layin namu bai wuce shekara da suna ba. Bai ambaci waɗanda aka kara da su ba, bai faɗi wanda ya zo na biyu ba, balle mai tsaron gidan da aka zura wa ƙwallon da ta raba gardama. Haka tarihin wasa yake a ko'ina: suna ɗaya ake rubutawa a kowace shekara, sauran kuwa iska ta kwashe su tare da ƙurar fili.

Wannan ɗabi'a ta rubuta suna ɗaya ita ke sa mu ɗauka cewa nasara mallakar mutum ɗaya ce, ko ƙungiya ɗaya, wadda ta same ta da guminta, ba wanda ke bin ta komai. Abin da nake son mu duba tare da mai karatu shi ne ko haka abin yake. Ra'ayina shi ne duk zakara da bashi yake sauka daga fage, kuma waɗanda ya kayar su ne masu bin sa. Abu biyu suka ba shi wanda ba ya iya samar wa kansa: ƙarfinsu da yardarsu. In aka cire ɗaya daga cikin biyun, takobin da aka miƙa masa ya koma guntun ƙarfe.

Hanyoyi biyu na naɗa zakara

Mu fara da fagen da muka fi sani. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka mai da kokowar gargajiya gasar ƙasa baki ɗaya. A Tawa aka yi ta farko, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. A yau jihohi takwas ke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa goma, mutum 80 ke nan, a yi wajen kwana goma ana gwabzawa jaha da jaha. Dokar takobi mai tsauri ce ƙwarai, domin faɗuwa ɗaya ta isa. Wanda aka kayar ranar farko, ko da santsin ƙafa ne, ya yi ban kwana da takobin bana, komai sunansa. Kullum aka wayi gari adadin waɗanda ba su faɗi ba raguwa yake, har a kai ga mutum biyu. Wanda ya rage a tsaye a naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da kuɗi, a kira shi sarkin ƴan kokowa.

Amurkawa kuwa suna da wani wasa nasu da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, mutum 11 ke tsayawa a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da sulken kafaɗa, ana ture juna ana neman kai ƙwallo ƙarshen filin abokan gaba. Babbar gasarsu ta ƙwararru tana da ƙungiyoyi 32. Kowace takan yi jerin wasannin kaka, waɗanda suka fi yawan nasara su shiga zagayen sallama, inda wanda aka ci ya tafi gida, har a kai ga wasan ƙarshe da suke kira Super Bowl. A wannan tsari ana yafe faɗuwar farkon kaka, muddin dai ba ta yi yawa ba.

Kakar 2007 ta nuna abin da wannan yafiya ke iya haifarwa. Ƙungiyar New England Patriots ta yi wasa 16 ta ci 16, ta tara maki 589, abin da ba wata ƙungiya da ta taɓa tarawa kafin lokacin. Jagoran harinta Tom Brady ya yi jifa 50 da suka kai ga ci. Ta ƙara wasa biyu a zagayen sallama, suka zama 18 ba faɗuwa. Ita kuwa New York Giants da faɗuwa biyu a jere ta buɗe kakarta, ɗaya a hannun Dallas, ɗaya a hannun Green Bay, ta ƙare da nasara 10 da faɗuwa 6. Ta shiga zagayen sallama, ba ta yi wasa ko ɗaya a gida ba. Ta je Tampa ta ci, ta je Dallas ta rama, ta je Green Bay cikin tsananin sanyi ta sake ramawa. Ranar 3 ga Fabrairu 2008, a jihar Arizona, suka haɗu da Patriots. Saura daƙiƙa 35 a tashi Giants ta ci ƙwallon da ta ba ta nasara da maki 17 da 14. Mai faɗuwa shida ta zama zakara, mai faɗuwa ɗaya ta koma gida hannu rabbana.

Da dokar takobinmu aka bi, da Giants ta fita tun makon farko. Sai dai Patriots ko a fagenmu ba ta tsira ba, tunda ranar ƙarshe ta faɗi. A zamanin Super Bowl ƙungiya ɗaya tak ta cika sharaɗin dokokin biyu, wato Miami Dolphins ta kakar 1972, a ƙarƙashin mai horarwa Don Shula, wadda ta yi wasa 17 ta ci duka, ta rufe da doke Washington da maki 14 da 7 a watan Janairu 1973. Ashe ke nan kofi, ko takobi, ba ya rantsuwa cewa mai riƙe da shi ya fi kowa a dukan shekara. Abin da yake shaidawa shi ne: a ranar da kowa ya amince ita ce ranar hukunci, a kan dokar da kowa ya sani tun kafin a fara, wane ne ya rage a tsaye.

A cikin wannan rana kuwa akwai rabo. Jim kaɗan kafin ƙwallon nasara, wani ɗan wasan Giants mai suna David Tyree ya yi tsalle ya cafe jifa mai nisa, ya danne ƙwallon da hannu ɗaya a jikin hular kwanonsa har ya faɗi ƙasa ba ta kuɓuce ba. Sau huɗu kacal ya cafe ƙwallo a wasannin kakar 16, kuma bai sake cafe wata a gasar ba har ya bar wasa. Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Amma su ne kuma suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rabo yakan sami wanda ya riga ya kai kansa bakin fage da wahalarsa. Mai hankali ba ya musun ɗaya daga cikin biyun, kuma sanin cewa akwai hannun rabo a cikin nasara ya isa ya rage wa zakara faɗin kafaɗa.

Wanda ya faɗi bai bar fage ba

Akwai wani abu a tsarin kokowarmu da ba a cika tsayawa a kansa ba. Ɗan kokowar da aka kayar ranar farko ba ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Yana nan cikin tawagar jaharsa, gobe da jibi zai sake shiga fage, kuma sau da yawa wanda bai faɗi ba za a haɗa shi da shi. Shi ba ya da sauran takobin da yake nema, amma yana iya hana wani. Duk mai bin kokowa a rediyo ko talabijin ya san yadda fili ke ruɗewa idan wanda aka riga aka fitar ya ɗaga wani gwarzo da ake sa wa rai ya fyaɗa da ƙasa. Waɗannan mutane su ne ma'aunin gasar. Da a ce kowane mai faɗuwa zai saki jiki daga ranar da ya faɗi, da rabin fagen zai kai ranar ƙarshe a tsaye, kuma ba wanda zai san abin da tsayuwar take nufi.

Irin wannan ya faru a kakar 2007 ɗin da muka ambata. Ranar 29 ga Disamba, a wasan ƙarshe na jerin kaka, Patriots da Giants sun fara haɗuwa. Giants ta riga ta sami gurbinta a zagayen sallama, ci ko faɗuwa ba zai canza mata matsayi ba, kuma al'ada a irin wannan hali ita ce a hutar da manyan ƴan wasa don gudun rauni. Mai horar da ita Tom Coughlin ya ƙi, ya zuba manyan mutanensa, aka yi wasa kamar na rai da mutuwa. Patriots ta sha da ƙyar da maki 38 da 35. Giants ta faɗi a daren, amma ita ta ba nasarar Patriots ta 16 nauyinta, domin ba wanda zai ce kyauta aka ba su. Makonni biyar bayan haka, da suka sake haɗuwa, ƴan Giants sun riga sun ɗanɗana ƙarfin abokan karawarsu, sun san mutane ne kamarsu.

Makaɗanmu sun daɗe da gane wannan. Idan maroƙi zai kambama ɗan kokowa, sunayen mazajen da ya kayar yake jerowa, kuma ba ya jero su a matsayin ragwaye. Sai ya fara gina kowanensu, ya faɗi garinsu da irin ɓarnar da ya yi a fage, sannan ya ce gwaninsa ya kwantar da shi. A fagen dambe ma, Ɗan Anace bai iya ɗaukaka Shago ba sai da ya nuna girman Ɗan Dunawa. Wanda ya ƙasƙantar da abokin karawarsa, nasarar kansa ya rage wa kuɗi, domin ba a yi wa mutum kirari don ya ka da yaro. Wannan shi ne bashi na farko: da ƙarfin waɗanda suka faɗi ake auna tsayin wanda ya tsaya.

Bashi na biyu ya fi wannan zurfi. Ɗan kokowar da aka kayar ƙato ne, ƙarfinsa bai ƙare ba, magoya bayansa kuma suna nan cike da benci. Alƙalin wasa bai kai shi ƙarfi ba. Duk da haka idan aka busa usur yakan tashi, ya kakkaɓe rairayi, ya fita. Wannan fitar ita ke naɗa zakara tun kafin a ɗauko rawani. Ya amince cewa dokar da ya shiga a kanta ta hau kansa, ko da yake a wannan karo ba ta yi masa daɗi ba. A duk lokacin da wannan amincewa ta ɓace, aka fara jifa da duwatsu da kujeru, ko tawaga ta yi fushi ta bar fili, za a iya miƙa takobi, amma kowa ya san akwai abin da ya rage.

Tirmini

Tarihin garinmu yana da misalin nasarar da ba ta da wannan yarda. A watan Mayu 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou na Faransa a Damagaram, zamanin sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli 1899 rundunar Faransawa, ragowar ayarin Voulet da Chanoine wanda ya bar toka da gawarwaki a hanyarsa tun daga bakin kogin Kwara, ta haɗu da dawakin Damagaram a Tirmini, yamma da birni. Bindigogin zamani suka yi aikinsu, birni ya faɗi, sarki ya fita, bayan ƴan makonni aka kashe shi. A 1906 Faransawa suka tuɓe magajinsa Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi gudun hijira.

Ba mai musun cewa Faransawa sun yi galaba a Tirmini. Sai dai ba wanda ya taɓa kiran su zakaru, domin ba a yi yarjejeniya kan doka ba, ba a daidaita makamai ba, ba alƙali, kuma wanda ya faɗi ba a bar shi ya tashi ya dawo baɗi ba. Irin wannan galaba dole a yi ta gadinta da bariki da soja, kuma abin da ya faru a 1906 ya nuna mai galabar bai taɓa yin barci da ido biyu rufe ba. Gaskiya kuma ta wajabta mu auna kanmu da mudun da muka auna baƙo. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya gina ganuwa, ya sa an ƙera igwa a cikin birni, ya faɗaɗa ƙasar Damagaram, har marigayi André Salifou ya rubuta wasan kwaikwayo da sunansa. Muna alfahari da shi, kuma da dalili. Amma garuruwan da dawakinsa suka ci, da mutanen da aka kamo bayi, ba wanda ya nemi yardarsu, kuma jikokinsu suna da tasu hanyar ba da labarin.

Abin da ya raba fage da fagen fama ke nan. Wasa dabara ce da ɗan Adam ya ƙago domin a gwada ƙarfi ba tare da an yi makoki ba. Siyasar zaɓe ma daga wannan dabara ta yi aro. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993, Tanja Mamadu ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, Mahaman Usman ɗan Damagaram ya zo na biyu. A zagaye na biyu, cikin watan Maris, ƙawancen jam'iyyu ya juya lissafi, Mahaman Usman ya ci da kashi 54 cikin ɗari. Tanja ya karɓi sakamakon, ya koma ɓangaren adawa, a 1999 kuma ya dawo ya ci nasa zaɓen. Damagaram ta yi murna da ɗanta a 1993, amma kaɗan ne suka tsaya suka lura cewa rabin darajar wannan rana daga wanda ya faɗi ta fito. A watan Janairu 1996 bindiga ta shiga tsakani, aka tashi wasan tun wa'adi bai cika ba.

Abin da za a iya cewa

Wani zai ce wannan duk lallashin wanda ya faɗi ne, irin maganar da ake yi wa yaro don ya daina kuka, kuma idan aka cika yabon faɗuwa za a tarbiyyantar da matasan da ba su damu da ci ba. Tsoron yana da tushe. Duk wanda ya taɓa raba wa ɗalibai sakamakon jarrabawa ya san akwai mai faɗuwa da ke neman a ce masa ba komai, alhali da komai. Sai dai bashin da nake magana a kansa ba kowane mai faɗuwa ke bin sa ba. Mai bin sa shi ne wanda ya shigo da niyyar kayarwa, ya zuba duk abin da yake da shi, aka fi shi. Rago bai ba zakara komai ba, don haka ba ya bin sa komai. Mafi muni shi ne mai sayar da faɗuwarsa. Kusan kowace shekara akan ji raɗe-raɗin an shirya wata karawa a bayan fage, ko an sa wani ya kwanta wa wani. Ko gaskiya ne ko ƙarya, dubi wanda maganar ta fi ɓata wa suna: wanda aka kwanta wa. An sace masa abin da ya zo nema, an bar shi da doki da rawani.

Wani kuma zai ce ai zakara shi ya yi atisaye, shi ya tashi da asuba yana gudu a kan tudun rairayi, shi ya haƙura da abin da rai ke so, me zai sa a raba masa lada? Ba a rage masa ko ƙwayar gero ba. Wahalarsa tasa ce, kuma ta cancanci kiɗa. Sai dai mutum 79 ɗin da suka koma gida ba takobi su ma sun tashi da asubar, wasunsu ma sun riga shi tashi. Wahala ita ce kuɗin shiga fage, kowa ya biya. Abin da ya bambanta shi da su ya faru ne a cikin ƴan mintoci, a jikinsu, da amincewarsu.

Yadda ake biya

Bashin nan ba da kuɗi ake biyan sa ba. Kashi na farko ana biyan sa nan take, a cikin fage: zakara ya miƙa hannu ya ta da wanda ya kayar, ya hana magoya bayansa yi masa ature, idan an miƙa masa abin magana ya ambaci sunansa da girmamawa. Kashi na biyu ya fi wuya, domin sai an jira. Shi ne ranar da zakara zai sami kansa a ƙasa, ya ba wani irin yardar da aka sha ba shi. Kadiri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, abin da ba wanda ya taɓa yi. Shekara guda bayan haka, da aka kai gasar Doso, a gaban mutanen garinsu, takobi ya kuɓuce masa. Haka ta faru ga Kantu, haka ta faru ga Balla Haruna wanda ya ɗauki takobi fiye da sau ɗaya. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. A wannan rana ce jama'a ke gane ko mutum ya fahimci abin da aka riƙa ba shi a shekarun da yake sama.

Mu ƴan kallo ma muna da namu kason, tunda mu ke cewa mun ci alhali ba mu taɓa rairayi ba. Filin kokowar Damagaram yana ɗauke da sunan Langa-Langa, na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, kuma hakan ya dace. Amma ko wane ɗayansu ya yi suna ne a kan bayan mazajen da yau sai tsofaffi ke iya lissafa su a inuwar bishiya. Ya kamata masu rubuta tarihin wasanninmu, da gidajen rediyon da ke ajiye da tsofaffin faya-fayai, su je wurin waɗannan tsofaffi tun suna da rai, a rubuta wa ya kara da wa, a wane gari, ta wace dabara aka kayar. Haka nan ƴan wasan da suka taka leda da Espoir a 1984, na cikinta da na gabanta, waɗanda suka rage a raye sun manyanta. Yaron da ya tashi yana jin sunan wanda ya zo na biyu ana faɗinsa da daraja zai shiga jarrabawa, ko fage, ko takara, yana neman ci da dukan ƙarfinsa, kuma ranar da aka fi shi zai san yadda ake tashi a kakkaɓe rairayi. Allah ya ba mu zakarun da suka san masu bin su bashi.